Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamishinan Ilimi na Jihar Kano: dan Allah a riƙa karrama masu riƙe mana makarantu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe mai girma Kwamishina, tare da shugaban hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) da shugabannin hukumar makarantun sakandare da ta makarantun kimiyya da fasaha, ina gaida ku da aiki, Allah ya taya ku riƙo.

Ni ba malami bane, ban kuma taɓa riƙe ofis a ma'aikata ba. Sana'ata gyaran famfo da borehol, na fi shekara goma ina yawo da akwatin sifanu a bayan babur, kuma kusan rabin aikina a makarantun gwamnati nake yinsa, firamare da sakandare, na jeka-ka-dawo da na kwana, wani lokaci har kwalejoji. Sannan ina cikin kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, na firamaren unguwarmu inda yarana suke karatu. Galibi ta ƙofar baya nake shiga makaranta, ta wajen tanki da kicin da bayan gida, inda baƙi basa zuwa, shi yasa nake ganin akwai abin da zan iya faɗa muku wanda ba lallai ya zo muku a fayil ba.

Akwai wasu makarantu biyu da nake wa aiki, bazan faɗi sunansu ba, tsakaninsu tafiyar babur ce ta 'yan mintuna. A shekara ɗaya aka haƙa musu borehol mai sola, kaya iri ɗaya, sumo (injin da ke jawo ruwa daga ƙasa) iri ɗaya, tanki iri ɗaya a kan ƙarfe. Ta farko ko shekara biyu ba'a rufa ba ruwa ya ɗauke. Da aka kira ni naje na tarar ashe tun farko kan famfo ne guda ya karye ba wanda ya canza, abin da kuɗinsa bai kai na buhun siminti ba, ruwa yana ta zuba yini guda tanki baya cika, sumo yana ta aiki ba hutu, da bazara ta shigo ruwan ƙasa ya ja baya sai ya cigaba da juyawa a bushe har ya ƙone. Aka rubuta takarda zuwa ofis ana jiran amsa. Kafin amsa ta zo, mutane sun ga abin ya mutu, aka ɗauke farantan sola biyu da daddare, daga baya aka zare waya. Yanzu tankin yana nan a sama ya zama gidan tsuntsaye, an sa wa bayan gida kwaɗo saboda ba ruwan wankewa, yara da tara ta yi sai su bazu gidajen maƙwabta roƙon ruwan sha, wasu daga nan basa dawowa aji.

Ta biyun kuwa wallahi har yau ruwa na zuwa. Kuma sirrin ba wani injiniya bane, wani dattijo ne mai gadi da kowa ke ce wa Baba. Lokacin hunturu in ƙura ta lulluɓe farantan, shi ne zai sa tsani da sassafe ya goge su da jiƙaƙƙen tsumma, dan ya lura da kansa cewa in sun yi ƙura ruwa baya hawa da ƙarfi. Abin da ke kashe injin in tanki ya cika ya lalace tuntuni, to Baba ne ya zama shi, yana zaune a ƙarƙashin darbejiya yana jin ƙarar zubar ruwa zai miƙe ya kashe. Yana da wani tsohon littafin eksasaiz da yake rubutu a ciki da ajami, ranar da aka canza kan famfo, ranar da nazo, abin da na ce a saya. Rannan ya kira ni a waya yace, Malam zo ka ji, kukan injin nan ya canza. Naje na tarar waya ce ta fara cin wuta a wajen haɗi, da an ƙara sati guda da sumon ya tafi. Hedimastar ma ta san darajarsa, duk abin da yace a saya sai ta nemo kuɗin ko daga aljihunta ne ko ta kai maganar gaban kwamiti.

To ranka ya daɗe, duk shekara ranar 5 ga Oktoba ana bikin ranar malamai ta duniya, a Abuja a dandalin Eagle Square ana raba kyaututtuka har da motoci ga malamai da shugabannin makarantu da suka yi fice, jihohi ma suna nasu, kamfanin da ke yin Maltina ma yana da gasarsa ta gwarzon malami tun 2015. Yaran da suka yi zarra a WAEC da NECO ana kiransu a basu kyauta, masu musabaƙa da kacici-kacici da ƙwallo duk akwai kofinsu. Ban ƙi ko ɗaya ba, sun cancanta, yabon gwani ya zama dole. Amma tunda nake ban taɓa gani ko jin an kira mai gadi, ko mai shara, ko kuku, ko lebura, ko kafintan makaranta, ko mai kula da sito, an tsayar da shi a gaban jama'a ance wannan shi ne ya riƙe mana makarantar nan bata rushe ba. Malamin da ya ci kyautar mota a cikin aji ya koyar, kuma akwai wanda ya hana ajin nan yoyo.

Nasan kuɗi na shiga harkar gini. Tun dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ake ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBEC), jiha ta ajiye nata kason ta karɓa. Hukumar tallafa wa manyan makarantu ta TETFund tun 2011 take zuba gine-gine a kwalejojin ilimi da foliteknik da jami'o'i, duk inda ka shiga zaka ga sunanta a jikin bango. Kano tana cikin jihohi bakwai na farko da aka fara shirin ilimin 'yan mata na AGILE na Bankin Duniya da su, an gyara ajujuwa da banɗakuna da yawa, na gani da idona. Mai girma Gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, ana ta sabunta ajujuwa ana kai kujeru. Duk wannan alheri ne kuma muna godiya. Abin da ke damuna shi ne ranar da aka yanke kyalle aka ɗau hoto aka watse, daga ranar ginin ya koma hannun su Baba, kuma daga ranar ba mai sake waiwayarsu sai in abu ya lalace a zo ana neman wanda za'a ba takardar tuhuma. Mutum in ya san ko ya yi ko bai yi ba duk ɗaya ne, sannu a hankali sai ya daina. Waɗanda basu daina ba tsoron Allah ne kawai ke riƙe da su.

Ina yawan jin manya a rediyo suna cewa wai mu bamu da al'adar kula da kaya. Ni dai ban yarda ba. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san kafin damina sai an hau soro an yi yaɓe, an toshe tsaga, an gyara indararo, ba wanda ke jiran sai azara ta faɗo. Ganuwar Kano da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu da aikin gayya aka riƙa gyara ta shekara da shekaru, kuma har sarauta muke da ita ta Sarkin Magina, wato tun da can mun san mai gini da gyara mutum ne da ake girmamawa. Tsohon ginin Kwalejin Katsina ta 1921, wadda ta zama Barewa daga baya, ginin ƙasa ne kuma yana nan a tsaye a Katsina. Su Rumfa da aka kafa a 1927, da makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa na 1977, duk wanda ya yi karatu a irinsu zai baka labarin duba tsafta na ranar Asabar, a share ɗakin kwana a wanke, a gyara gado, a yi wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, shugaban makaranta ya zagaya da malamai ana bada maki, gidan da ya zo na ɗaya a sanar a asambuli yara suna ihun murna. Ba kuɗi ake basu ba amma har ƙarfe biyun dare zaka ga yaro yana goge tagogi dan kar gidansu ya zo na ƙarshe. Kenan dabarar a wajenmu take tuntuni, mun yi ta ga yara, bamu taɓa yi wa manyan da ke ɗauke da ainihin nauyin ba. Ko a sama an gane matsalar, dan a watan Afrilun 2022 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a umarnin shugaban ƙasa mai lamba 11 kan kula da gine-ginen gwamnati. Amma umarni daga Abuja baya isa ƙarƙashin darbejiyar da Baba ke zama.

Roƙona shi ne ma'aikata ta ƙirƙiro lambar yabo ta shekara-shekara ta kula da gine-gine da kayan makaranta, a fara daga ƙananan hukumomi 44, a tace zuwa shiyya, sannan jiha. A raba rukuni saboda adalci, dan ba za'a haɗa firamaren ƙauye mai aji shida da ba ta da katanga da babbar makarantar kwana ta cikin birni ba, kwalejoji su ma da nasu rukunin inda sashen ayyuka ke fama da janareta da ɗakunan kwanan ɗalibai da manyan ɗakunan lacca.

Amma ranka ya daɗe inda gizo ke saƙar shi ne yadda za'a auna, kuma a nan nake roƙon a tsaya a yi tunani sosai dan in aka kuskure gara ma ba'a fara ba. Na sha gani, da an ji baƙi zasu zo daga ma'aikata sai a sayo fenti a shafe bangon da ke kallon titi, a aro kujeru daga makarantar maƙwabta, a sa 'yan garuwa su cika tanki dan in an murɗa famfo ruwa ya zo, baƙi na fita komai ya koma yadda yake. In aka ce ranar kaza za'a zo dubawa to mai fenti ne zai ci gasar. Dan haka a riƙa zuwa ba sanarwa, kuma a zo sau biyu a lokutan da makaranta bata iya ɓoye halinta. A zo a tsakiyar bazara, Afrilu, lokacin da ruwan ƙasa ya yi nisa ake gane borehol ɗin da ake kula da shi. Sannan a dawo da damina ta kankama kafin a tafi dogon hutu, a shiga aji a ɗaga kai a kalli silin, in akwai tabon ruwa ko ya yi ciki ko warin kashin jemage ya cika ɗakin an san kwano ya daɗe yana yoyo, a duba ko kwanon da iskar farkon damina ta ɗaga an buga masa ƙusa ko dutse aka ɗora, a duba kwata ko ta toshe, a duba katakon rufi ko gara ta shiga. A je bayan gida na 'yan mata musamman, a ga ko ƙofa na rufuwa, akwai buta da ruwa, sokawe bai cika ya tumbatsa ba. Wannan na bayan gida ba ƙaramin abu bane, mu a kwamiti iyaye mata sun sha faɗa mana cewa yarinya in ta fara girma, kwanakin al'adarta gida take zama in makaranta ba wajen da zata kimtsa, kuma daga fashin kwana huɗu duk wata ake kaiwa ga barin makarantar gaba ɗaya.

A kuma tambayi yara. Masu dubawa su ja ɗalibai biyar gefe ba malami a wajen su tambaye su yaushe rabon da famfo ya kawo ruwa, yaro zai faɗi gaskiya.

Sannan kar a auna kyan gini, a auna riƙo. Makarantar da aka gama mata sabon gini bara dole ta fi kyau, wannan aikin ɗan kwangila ne. Wadda ya kamata a yaba ita ce mai ginin shekara talatin da har yanzu tagoginta na rufuwa, wadda take da ɗan ɗaki inda ake tara karyayyun kujeru duk ƙarshen zango a kira mai walda da kafinta su mayar da su aji maimakon a jibge su a bayan aji rana da ruwa su cinye ko su ƙare a murhu. A duba ko akwai littafin da ake rubuta kayan makaranta da gyaran da aka yi da abin da aka kashe. Ko da ajami aka rubuta irin na Baba a karɓa, kar a ce sai da Turanci.

Akwai kuma maganar rai. A watan Yulin 2024 a Jos ginin wata makaranta mai bene ya rufta da ɗalibai suna ciki, fiye da mutum 20 suka rasu, Allah ya jiƙan musulmin ciki ya ba iyaye haƙuri. Gini baya faɗuwa rana ɗaya, sai ya yi ta tsagewa yana nunawa. Haka gobarar ɗakunan kwana da muke ji kusan duk hunturu, sau da yawa in ka shiga irin ɗakunan zaka ga wayoyin wuta a tsirara an yi haɗin gambiza, ga tagogi duk an yi musu ƙarfe ƙofa ɗaya tal. Ma'aikacin da ya ga tsaga ya kai rahoto ya nace har aka fitar da yara daga ajin, ko ya ga waya na tartsatsi ya kashe layin ya hana kowa mayarwa sai an gyara, wannan rayuka ya ceta, amma da yake abin bai faru ba ba wanda zai sani. A sa wannan cikin ma'auni dan masu irin wannan nacin su daina zama 'yan takura a idon shugabanninsu.

Wa zai karɓi kyautar? Dan Allah kar ayi kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Shugaban makaranta yana da nasa yabon kuma a bashi, dan duk inda ka ga ƙananan ma'aikata na aiki da zuciya ɗaya akwai shugaban da ke sauraronsu. Amma a kira mai gadin da sunansa, a kira mai sharar da sunanta, su hau mumbari su karɓa daga hannunka ko hannun mai girma Gwamna, a faɗi sunansu a rediyo 'yan garinsu su ji. Na fi son a yi shi a ranar 5 ga Oktoba ɗin nan a kan mumbari ɗaya da malamai, kar a ware musu wata rana daban da ba manya a wajen. Kuma ranka ya daɗe da yawa daga cikin mutanen nan ba ma'aikatan dindindin bane, wasu kwamiti ko ƙungiyar iyaye ke haɗa musu ɗan abin da ya samu a ƙarshen wata, ko kusa da mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da jiha ta amince da shi a 2024 basa samu, wani ya shekara goma sha biyar a haka ba fansho ba komai. Wanda duk ya ci wannan lambar in yana cikin shekarun aiki a bashi takardar ɗaukar aiki, in ya manyanta a bashi abin da zai riƙe kansa ko a ɗauki nauyin karatun ɗansa. Takardar yabo a firem tana da daɗi amma bata sayen masara.

Ita kuma makarantar da ta yi nasara, maimakon kofi kawai a sa mata kuɗin ƙananan gyare-gyare a asusun kwamitinta na SBMC, da hannun shugaban makaranta da na shugaban kwamiti, a liƙa lissafin a allon sanarwa kowa ya gani. Wadda ta nuna tana iya riƙe kaɗan ita ya dace a fara ba amanar mai yawa. In da hali ma duk sabon aikin da za'a kai, a duba yadda aka riƙe na baya. Bance a hukunta yaran makarantar da shugabanninta suka yi sakaci ba, a'a, su ma 'ya'yanmu ne, sai dai a tura shugabansu da mai gadinsu su je su yini a makarantar da ta ci su ga yadda ake yi, dan abin da ido ya gani ya fi taron bita a otal shiga kai.

Masu dubawar ma kar su zama 'yan ofis kaɗai. A haɗa da malaman makarantun fasaha masu koyar da gini da wuta da aikin famfo, da jami'an duba-gari, da wakilin mai unguwa ko dagaci, da uwa ɗaya daga cikin iyayen yara, kuma kar a tura kowa ƙaramar hukumarsa. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke zuwa su gina masallaci ko su gyara ɗakin gwaje-gwaje a tsohuwar makarantarsu nasan da yawansu zasu ɗauki nauyin kyautar in aka nemi su, haka 'yan kasuwarmu na Kwari da Singa da Dawanau. Abin da ake buƙata daga ma'aikata shi ne ta sa hannu ta bashi daraja ta kuma tsare shi daga alfarma da siyasa, dan ranar da aka ba ɗan'uwan wani to shikenan ba mai sake ɗaukarsa da muhimmanci.

Baba ya tsufa yanzu, hawa tsanin nan ya fara yi masa wuya, wani yaro ɗan aji shida yake riƙe masa wani lokacin ma shi yake hawa Baba na daga ƙasa yana nuna masa inda bai gogu ba. Bai san na rubuta wannan ba, kuma na san in ya ji cewa zai yi ai aikinsa ne. Ina so kafin ya ajiye a ce ya ji an kira sunansa a gaban jama'a ko sau ɗaya ne. In ma'aikata ta ga dacewar a gwada ko a ƙaramar hukuma ɗaya ne a wannan shekarar karatu, ni da wasu abokan sana'ata masu gyaran famfo da wuta a shirye muke mu bi masu dubawa kyauta, mu nuna musu inda ake dubawa.

Allah ya ƙara wa Kwamishina lafiya, ya yi riƙo da hannunku. Na gode da sauraro.

Wassalam.

Naku,
Wani mai gyaran famfo, ɗan kwamitin SBMC, daga Kano.